Jan ɗigo a kan bindiga: gogewa ce ta hana dattijon nan karɓa, ko taurin kai?

Baban Hafsat, Houston

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bari in fara share fage, don na san kalmar bindiga ba ta da daɗin ji a kunnen mutanenmu yanzu, kuma ba a banza ba. Ni kaina ina da dangi a ƙasar Birnin Gwari da suka daɗe ba su taka gonarsu ta nesa ba. Abin da zan yi magana a kai daban ne: harbin takarda a filin koyon harbi mai rajista, da farautar barewa idan hukuma ta buɗe lokacinta, a nan jihar Teksas inda nake zaune da iyalina shekara 19.

Shekarata 48. Bara idona ya fara ja da baya, irin na kowa in ya haura arba'in, sai na miƙa waya nesa kafin in karanta saƙo. Wanda bai taɓa harbi ba zai ce ina ruwan wannan da bindiga. To ƙaramar bindiga tana da saiti biyu na ƙarfe, na baya mai tsaga, na gaba kamar ɗan tsinke a bakin bututu. Dole ka jera tsagar da tsinken da abin da kake hari su zo layi ɗaya, idonka kuma a kan tsinken zai tsaya. Da ƙuruciya ido na tsalle tsakanin ukun nan da sauri har ba ka lura. Yanzu tsinken ya koma mini kamar ina hango shi cikin hazo. Da, a yadi 25, harbi goma nakan rufe su da tafin hannu ɗaya. Bara sai da suka bazu faɗin faifai.

Shi ne na sayi abin nan da ake ɗaurawa a bayan bindiga, ɗan gilashi da bai kai kwalin ashana girma ba. Akwai 'yar fitila a cikinsa mai cin batir, tana haska jan ɗigo a jikin gilashin. Hasken ba ya fita ya je kan takarda, kai kaɗai kake ganinsa. Ka buɗe ido biyu, ka kalli abin da kake hari, ka ɗora ɗigon a kai. Makonni biyu na farko abin ya fi da lalacewa, in na ɗaga bindiga sai in yi ta laluben ɗigon ban gan shi ba. Da hannu ya saba, harbina ya dawo tafin hannu.

Ga inda matsalar take. Akwai wani dattijo Bature a filin, ya kusa tamanin, shi ya koya mini riƙon bindiga tun ranar farko, shekara 9 ke nan, bai taɓa karɓar ko sisina ba. Mutum ne da in la'asar ta yi na shimfiɗa darduma a gefen mota, yakan tsaya ya tsare mini kayana har in sallame. Ina ganin girmansa kamar ƙanen mahaifina. Ranar da ya ga gilashin, ya karɓa ya juya shi a hannu, ya ce duk abin da ke cin batir zai mutu ne ranar da ka fi buƙatarsa. Ya ce yaran yanzu so suke su sayi ƙwarewa a kanti. Ya miƙo mini ya juya baya. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai har na isa gida, don ni ba yaro ba ne, kuma ba lalaci ya kai ni ba.

Shi bindigarsa ƙarfe ce zalla, irin wadda John Browning ya ƙera, sojan Amurka suka ɗauka a 1911. Bindigar Glock kuwa har gobe roba yake kiranta. Na san tarihin wannan rainin: Gaston Glock mutumin Ostiriya ne da ke ƙera sandunan labule da wuƙaƙen soja, bai taɓa yin bindiga ba, sai ga shi a 1982 sojan ƙasarsu sun zaɓi tasa mai jikin roba. Da ta shigo Amurka aka yi ta yayata cewa za ta wuce na'urar bincike a filin jirgi, har majalisa ta yi doka a 1988, alhali bututunta da samanta ƙarfe ne. Yau 'yan sanda da yawa a ƙasar ita ce a ƙugunsu. Wato a nan dattijona bai yi daidai ba, shekara arba'in kuma bai sauka ba.

Amma ina ganin ɗaya gefen kullum. Samari na zuwa filin da bindiga an rataya mata kaya kamar amarya, fitila, gilashi, wannan, wancan, duk abin da suka gani a YouTube, wata mai zuwa an cire an sa wani. Takarda a yadi 10 ma tana gagararsu. Ba na so in zama cikin waɗannan, ba na kuma so in tsufa ina ƙin abu don kawai bai zo a zamanina ba.

Tambayata ga waɗanda suka riƙe bindiga ta hanyar halal, soja ne, maharbi ne, ko mai sha'awa irina: idan babba ya ƙi sabon abu, ta yaya kuke gane cewa gogewa ce ke magana, ba sabo kawai ba?

Tsohon Saje, Kaduna

Wa alaikumus salam Baban Hafsat. Na yi shekara 27 da kaki, na je Laberiya lokacin ECOMOG. Ni dai ina bayan dattijonka, ko da ba ɗari bisa ɗari ba, kuma bari ka ji dalili.

Ka ce ya kusa tamanin. Ƙirga baya, za ka ga yana ɗan shekara ashirin wajen 1967, lokacin da ake tura samarin Amurka Biyetnam da sabuwar bindiga M16. Ita ma roba da alminiyam ce, mara nauyi, an ce musu ita ce bindigar gobe. Eugene Stoner ya ƙera ta, an gwada ta da wani irin albarushi, ta yi kyau. Da aka zo yin harsashi da yawa sai aka canza albarushin zuwa wani da ya fi barin datti, yana kuma sa ta gudu fiye da ƙima. Ramin da harsashi ke zama ba a shafe shi da ƙarfen hana tsatsa ba, ga daji mai laima. An kuma bar yara da tunanin cewa ba ta buƙatar wanki sosai, kayan gogewa ma ba su wadata ba. Sai ƙwanso ya maƙale a ciki ana tsakiyar wuta, mutum ya koma zura sanda ta baki yana zungurowa. An rasa rayuka a haka. Sai da majalisarsu ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord a 1967 kafin a gyara. Bayan gyara ta zama bindiga ta gari, jikokinta ne a hannun sojansu har yau. Amma wanda ya ga abokinsa kwance da bindigar da ta maƙale a gefensa, ba za ka zo masa da zancen sabon abu ya yi maka murmushi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ko bai je ba, tsararsa ce, labarin ya shiga jininsu.

Ni abin da na gani da idona ruwan Monrobiya ne. Ruwa ne da zai kwana ya wuni. Takalmi ya yi fumfuna, bel ya yi fumfuna, batirin tocila da ka sa jiya ka wayi gari ya yi gishiri. Bindiga in ba ka shafa mata mai da dare ba, da safe za ka ga ja-ja a jikinta. A irin wannan wuri mutum yake koyon ƙin duk abin da ke da waya a ciki. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Sai dai in zan faɗi gaskiya, mu ma mun yi irin nasa. Mun saba da bindigar SLR, doguwa, mai nauyi, in ka harba kafaɗarka ta san an yi harbi. Da muka fara riƙe AK raina ta muka yi, in ka girgiza ta tana ƙara kamar gwangwani da tsakuwa, muka ce wannan ai ba a gama ƙera ta ba. Ashe wannan sakin da muke rainawa shi ne ke ba yashi da laka wurin wucewa. Babu wanda ya yi mana lacca muka yarda. Damina ɗaya ce ta koya mana.

Saboda haka kada ka yi gardama da shi da baki, ba za ka ci ba. Tambaye shi abu ɗaya cikin ladabi: Baba, me wannan abu zai yi a gabanka ka yarda da shi? In ya ce a jiƙa shi da ruwa, a bar shi a rana cikin mota, a yi harbi dubu kaza a ga ko saitin ya goce, to gogewa ce, ka ɗauki biro ka rubuta. In ya ce ko me zai yi ba zai yarda ba, ka ci gaba da gaishe shi, ka yi harbinka. Kuma kada ka cire saitin ƙarfen, ka riƙa harbi da shi ko sau ɗaya a wata.

Ɗan Birni, Damagaram

Saje, Allah ya ƙara girma, ka yi magana. Ni ba maharbi ba ne, malamin tarihi ne a makarantar sakandare, amma tambayar Baban Hafsat ta taɓo abin da nake koyarwa duk shekara.

Mu a ƙasar Hausa mun taɓa yin wannan gardama, da jini aka rufe ta. A ƙarni na 19 manyan mayaƙa a masarautu da yawa doki suka sani, da takobi da mashi da sulke da lifidi. Bindiga akasari a hannun bayin sarki take. Kuma kada a ɗauka wauta ce. Bindigar wancan lokaci ta baki ake ɗura ta, kafin ka ɗura sau ɗaya mai baka ya saki kibiya da yawa. In damina ta sauka albarushi ya yi sanyi. Wani lokaci bututun ya fashe a hannun mai shi. Barde da ya ce ya fi yarda da dokinsa, a ranar da ya faɗa gaskiya ya faɗa.

Nan Damagaram Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya bi wata hanya. Ya tara bindigogi ta hanyar fataucin Sahara, ya sa ana haɗa albarushi a gida, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin Zinder. Shi ya sa maƙwabta suka riƙa shakkar Damagaram. A gabas kuma Rabi ya zo da rundunar 'yan bindiga masu horo, ya ci Borno a 1893. Zuwa 1903, da Turawan Ingila suka tunkari Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris, abin da ke hannunsu ya riga ya zama wani abu daban: bindiga mai ɗurin baya, igwa, da Maxim mai aman harsashi ba tsayawa. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a Sakkwato ko a Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi yaƙinsa na ƙarshe da Turawa. Bindigar ce ta canza, hukuncin da aka yanke mata tun zamanin kakanni bai canza ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurkar da kake, lokacin yaƙin basasarsu, shugaban sashen makamai na sojan Arewa, Janar James Ripley, ya ƙi bindigogi masu ɗaukar harsashi da yawa, yana ganin sojoji za su yi ta ɓarnar harsashi, ga wahalar kai musu. Bindigar Spencer tana ɗaukar 7. Shugaba Lincoln da kansa ya gwada harba ta a 1863. Ripley ba jahili ba ne, ya san wahalar jigilar kaya a keken doki. Amma ya tsaya a kan abin da ya sani.

Abin da nake so in ƙara a kan shawarar Saje shi ne tambaya ta biyu: Baba, yaushe rabonka da gwada irin wannan? Domin jan ɗigon nan ba ɗan jiya ba ne. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Siwidin ya fito da nasa tun 1975, kuma tun ƙarshen shekarun 1990 sojan Amurka suke ɗaura irinsa a bindigoginsu. Mai yiwuwa dattijon ya yanke hukunci mai kyau a kan na farkon, masu cin batir kamar wuta a karmami, ya ajiye hukuncin bai sake buɗe shi ba.

Kada kuma a ce duk sabon abu ne ke cin nasara. A shekarun 1960 an yi wata Gyrojet mai harba ƙananan rokoki a madadin harsashi, ta mutu. Jamusawa sun kashe shekaru a kan G11 mai harsashi mara ƙwanso, ba ta shiga hannun soja ba. Remington ya fito da bindigar farauta mai tashi da lantarki wajen 2000, mutane ba su saya ba. Waɗanda suka ƙi su ba a tuna sunansu, don babu mai ba da labarin wanda ya ƙi abu kuma ya yi daidai.

Maman Khalil, Maryland

Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in shigo maganar maza, ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana yana da bindiga a gida da izini, yaranmu uku. Ni wannan gardama ba ta sha'awa ba ce a wurina. A 2020 harbin bindiga ya zama abin da ya fi kashe yara da matasa a Amurka, ya wuce haɗarin mota. Na ga irin waɗannan yara a wurin aiki, ba sai an ba ni labari ba.

Akwai nau'in ƙi na uku da ba ku ambata ba, wanda ba gogewa ba ne, ba kuma sabo ba: tsoron abin da zai biyo baya. An daɗe ana maganar bindigar da ba ta tashi sai a hannun mai ita. A 2014 wani kamfanin Jamus, Armatix, ya kawo wata da sai kana sanye da agogonta take aiki. Wani mai shago a nan jiharmu ya ce zai sayar, aka yi masa barazana har ya janye. Dalili? Jihar New Jersey ta yi doka tun 2002 cewa da zarar irin wannan bindiga ta shiga kasuwa a ko'ina a ƙasar, bayan shekara uku ita kaɗai za a riƙa sayarwa a jihar. Sai masu bindiga suka ga in suka bari ta shigo, za a tilasta musu. Aka haɗu aka kashe ta tun ba a gwada ta ba. An sassauta dokar a 2019, amma an riga an yi asarar shekaru.

Kuma abin da ya ƙona mini rai, da aka zo gwadawa, masu shakka sun sami abin riƙewa: a 2017 wani mai binciken tsaro ya nuna ana iya shawo kanta da maganaɗisu mai arha. Da an bar ta ta fito an yi ta suka a fili, da tuni an gyara irin wannan.

Ni kaina na san inda irin wannan fasaha take tuntuɓe. Akwatin ƙarfen da Baban Khalil ke kulle tasa da zanen yatsa yake buɗewa. Ran nan ya idar da alwala ya sa yatsa, ya ƙi. Ya goge a riga, ya ƙi. Sai a karo na uku. Ya dube ni ya ce kin gani ko? Na ce na gani, amma Khalil ɗan shekara 6 ko zai gwada sau ɗari ba zai buɗe ba, ni wannan nake nema. Ba mu cire shi ba, makullin hannu kuma yana inda mu biyu kaɗai muka sani.

Ɗan Sarkin Baka, Ningi

Baban Hafsat, mahaifina, Allah ya jiƙansa, maharbi ne na gado, da bindigar toka ya yi rayuwarsa. Wani ɗan ƙanwarsa da ke aiki a birni ya taɓa cewa zai nema masa irin ta zamani mai harsashin kanti, har da takardunta. Baba ya yi godiya ya ce a bar ta. Mu yara muka ji haushi. Daga baya na tambaye shi, ya ce: wannan in ta yi ciwo, maƙerinta yana bayan masallaci, da ƙafa zan je. Waccan in harsashinta ya ƙare, sai na jira mai zuwa birni, kuma nawa ne kuɗin harsashi guda, nawa ne kuɗin zabo? Ban iya ba shi amsa ba, har yau ma ba ni da ita. Ba ya ƙin abin don sabo ne, lissafin garinmu ya yi.

Amma akwai inda sabo da tsohuwar bindiga ya cuce su. Abokin farautarsa yatsu uku ne a hannun hagu, bututu ne ya fashe masa. Duk da haka bai taɓa yarda laifin bindigar ba ne, cewa yake yi an yi masa baki.

Abin da ya kawo ni dai dalma ce. Muna yara in ana cin fakara ko zabon daji, sai ka ji ƙwas a haƙori, ka tofo ƙwayar dalma. Tara su muke a gwangwanin madara muna wasa, ƙanena har tsotsa yake. Babu wanda ya ga aibu. Sai 2010 da labarin Zamfara ya fito, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Na san nasu daga ƙurar dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gida, ba daga harsashi ba, kuma yawan ba ɗaya ba ne. Amma dalma ai dalma ce. Tun lokacin duk naman da aka harbo, ni nake yanke inda ƙwayar ta bi kafin ya shiga tukunyar yarana. Na faɗa wa manyan maharba a wurin taro, wani ya ce kakanninmu sun ci sun kai tasa'in. Na yi shiru don girmansa. Ku can an sami abin da ya maye gurbinta ne? Yana kashewa da kyau, ko dabba wahala take sha?

Malam Na Zaure, Zariya

Ƙarin bayani kaɗan, tunda an zo maganar nama. Malamai ma sun sha wannan gardama. Magabata ba su yi magana a kan farauta da harsashi ba, don babu shi a zamaninsu. Abin da suka sani dunƙulen yumɓu ne da ake harbawa, shi kuwa bugu yake ya kashe, saboda haka abin da ya kashe mushe ne. Da bindiga ta bayyana, wasu malamai suka yi ƙiyasi a kan yumɓun suka hana. Wasu daga malaman Malikiyya na birnin Fas a Maroko suka duba yadda abin yake aiki, suka ga yana huda jiki, yana zubar da jini, yana kashewa da sauri, wanda shi ne abin da ake nema a yanka, suka halatta in an ambaci sunan Allah lokacin harbi. A kan wannan ake tafiya yanzu. In ka riski dabbar da sauran rai a jikinta, sai ka yanka. Waɗanda suka hana tsoron Allah ne ya sa su, ba a zarginsu. Waɗanda suka halatta sun je sun duba raunin ne.

Baban Hafsat, Houston

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in je filin tukuna. Jiya Asabar na same shi, na kai masa kofi, na yi masa tambayoyin nan biyu, ta Saje da ta Malam Ɗan Birni.

Saje, hasashenka bai faɗa daidai ba, bai je Biyetnam ba, amma ya san labarin sarai. Nasa dalilin ya fi kusa da abin da Ɗan Birni ya ce. Wajen shekara talatin da suka wuce ya sayi irin wannan gilashi, babba kamar gwangwanin tumatir, don gasar harbi. Sau biyu yana mutu masa ana cikin gasa, na biyun bayan ya yi tuƙin awa shida. Ya cire ya jefa a akwati, tun ranar bai sake leƙa wani ba.

Da na ce me zai gamsar da shi, bai yi fushi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce in bar shi a kunne shekara guda kada in kashe, in yi harbi 5,000 da shi, in bar shi ya sha zafin Agusta a cikin mota, in saitin bai goce ba in zo mu yi magana. Na yanki farin salatif na rubuta ranar da na sa batir, na manna a cikin murfin akwatin, a gabansa.

Sai ga abin da ban zata ba. Na roƙe shi ya leƙa ko sau ɗaya. Ya ɗaga, ya daɗe yana kallo, ya ce shi ba ɗigo yake gani ba, wani jan abu ne a tarwatse mai jela, kamar an ɗiga jan tawada a rigar da ta jiƙe. Na karɓa na duba, ɗigo ne sumul. Ashe yana da matsalar nan ta ido da ke sa fitilun mota su yi wa mutum tsiri-tsiri da dare, masu ita da yawa haka suke ganin jan ɗigon. Wato ko batirin ya shekara goma, a idonsa abin ba zai yi kyau ba. Na ji kunyar yadda na yi ta saƙa magana a kansa a raina mako biyu. Shi ma da na gaya masa yadda tsinken gaba ya koma mini, ya ce me ya sa ban faɗa ba tun farko, ya ɗauka kwaikwayon yara nake.

Maman Khalil, maganarki ta shige ni. Tawa a kulle take, harsashi a wani wuri daban, amma na koma na sake duba inda nake ajiye makulli, na canza masa wuri a daren.

Ɗan Sarkin Baka, Allah ya jiƙan Baba. E, an samu. Tun 1991 aka hana harbin agwagin ruwa da ƙwayar dalma a duk Amurka, aka koma ta baƙin ƙarfe da wasu. Maharba sun yi ƙorafi sosai a farko, kuma ba duka ne na banza ba: baƙin ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, ƙarfinsa na saurin raguwa a nesa, yana kuma iya lalata bututun tsofaffin bindigogi. Jihar Kalifoniya ta hana dalma a kowace irin farauta tun Yulin 2019. Na barewa akwai na jan ƙarfe zalla, ba ya farfashewa ya watsu cikin nama kamar dalma, sai dai ya fi tsada, kuma dole ka sake saita bindigarka da shi. A Teksas ba a tilasta shi a farautar barewa ba, ni ma da dalma nake yi, ina yanke gefen raunin kamar yadda kake yi. Da na karanta zancen gwangwanin madaran nan sai na tuna Hafsat da ƙannenta ne ke cin kilishin da nake yi da naman. Na sayi kwali biyu na jan ƙarfen jiya a hanyar dawowa. Lokacin barewa farkon Nuwamba yake buɗewa, in Allah ya kai mu zan gwada, in dawo in gaya maka yadda raunin ya kasance da nisan da ta yi kafin ta faɗi. Kai kuma don Allah ka tambayar mini maƙerin bayan masallacin nan, in yana raye, ko ya taɓa ganin maharbin da ya gwada wani abu ban da dalma.